Tafin Hannu Biyu da Rabi

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Ummanki da Babanku da sauran mutanen gida. Yaya koyon sana'a? Allah ya yi albarka.

Akwai wani kuskure da kusan kowa yake yi. Mutane sun ɗauka likita ne kaɗai zai iya sanin tsananin ciwo, shi mara lafiya nasa kawai ya zauna a duba shi. A wasu cututtukan haka ne. Amma wannan ciwon fatar da yake damunki, wanda aka ce sunansa soriyasis, yau ya lafa, gobe ya tashi. Likita yana ganinki na ɗan lokaci ne, ke kuwa kullum kina tare da fatarki. In ba ki faɗa ba, a ina zai ji?

Abin da ya sa na tayar da maganar shi ne, duk lokacin da na kira Yaya, wato Ummanki, na tambayi jikinki, sai ta ce da sauƙi. Amma da na zo wancan hutun, na lura kin miƙo min kofin ruwa hannunki yana cikin mayafi. Da na dawo sai na je wurin wata ƙawata, nas ce a ɓangaren masu ciwon fata, ta zaunar da ni ta nuna min yadda suke koya wa marasa lafiya auna jikinsu da kansu. Kin san halin Antinki. In na koyi abu sai na sami wanda zan koya wa, na gama da ɗalibaina, saura ke.

Ga yadda ake yi. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, da safe, inda akwai haske, kafin ki shafa komai. Ki buɗe hannunki ki haɗa yatsu. Faɗin wannan tafin, har da yatsun, kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatar jikinki. Sai ki bi duk inda ciwon yake, ki ƙiyasta in an tattara shi wuri ɗaya tafi nawa zai cika. Da naki tafin, ba na Ummanki ba. Inda ido ba ya kaiwa, kamar ƙeya, ki haɗa madubi biyu, tunda a shagon gyaran gashi kike, madubi ba zai yi miki wuya ba.

Daga nan ki dubi wurin da ya fi tsanani. Ya yi ja? In kin shafa kina jin kauri? Ɓawo yana zuba? Kowanne ki ba shi maki daga sifili zuwa huɗu. Ƙaiƙayi kuma daga sifili zuwa goma. Tambaya ta ƙarshe ba ta son lamba, magana take so: a wannan makon, me ciwon ya hana ki yi?

Ki kuma riƙe wannan. Ba ƙazuwa ba ce, ba makero ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma ba ƙazanta ce take kawo shi ba. Fata ce take gaggawar sabunta kanta, sabuwa tana turo tsohuwa tun lokaci bai yi ba, sai ta taru.

Ki gwada ki rubuto min. Ki gaishe da kowa.

Taki,
Anti Malama

*

Zuwa ga Anti Malama,

Wa alaikumus salam. Na sami saƙonki, na gode, Allah ya bar zumunci. Kowa lafiya. Baba ya ce in gaya miki mun ji labari, yanzu kin koma likita ta wasiƙa.

Na yi aikin gidan da kika ba ni, don na san in ban yi ba har gida za ki biyo ni da jan biro. Na auna: bayan hannuwa biyu da tsakanin yatsu, gwiwar hannu, da ɗan wuri a ƙeya. Duka tafi biyu da rabi. Ja kuwa sifili na sa, don ni dai Anti ban ga ja a jikina ba, kin san kalata. Kauri biyu. Ɓawo biyu. Ƙaiƙayi na sa uku.

To kin gani, nawa ƙarami ne. Biyu da rabi cikin ɗari, ko a jarrabawa ai faɗuwa ce. Wancan zuwan da muka yi asibiti na ga wani bawan Allah ya ɗaga riga zai nuna wa nas, bayansa gaba ɗaya ya rufe, babu inda za ki ɗora yatsa. Ta yaya zan shiga bayan wannan mutumin in ce ni ma ina shan wahala? Kunya ma ba za ta bar ni ba.

Kuma likita da kansa yana ganin da sauƙi. Ki ga yadda Umma take shirya ni in za mu je, sai kin yi dariya. Tun ana gobe za ta jiƙa min hannu a ruwan ɗumi, ta sa soso ta goge ɓawon tas, ta laɓta min mai. Da safe ta ƙara wani. Kafin mu isa hannuna yana ƙyalli kamar sabon takalmi. Likita ya ɗago kai ya ce, "Yaya jiki?" Umma ta ce, "Da sauƙi sosai, likita, mun gode Allah." Ya leƙa hannun ya ce madalla, a ci gaba da man da ake shafawa. Shi ke nan mun fito.

Tambayarki ta ƙarshe na bar wurinta babu komai. Ban san me zan ce ba.

To, bari dai in gaya miki, amma kada Umma ta ji. Wata kwastoma ta zauna zan tsefe mata kai. Na ɗora hannu ke nan ta gan shi ta madubi, sai ta janye kanta kamar na ɗora mata wuta. Ta ce wa Madam, mai shagon, "Ba ki da wata yarinyar ne?" Tun daga ranar Madam ta ɗauke ni daga kan mutane. Yanzu shara nake yi, ina wanke mataji da tawul, ina miƙa kibiya ga waɗanda na riga zuwa. Wankin ma shi ya fi ci min hannu, sabulun yana shiga tsagar yatsu kamar barkono. Madam ba muguwa ba ce. Ta ce ta san na fi kowa iya tsaga layi, amma ba za ta kori kwastomominta saboda ni ba. Ta ce in wata ya ƙare ba a ga canji ba, gara in nemi wata sana'ar.

Anti, ni kitso nake so. Tun ina yi wa 'yar tsana kin sani.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Auta

*

Auta 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Na karanta wasiƙarki a ɗakin malamai, sai da na fita na ɗan zaga fili kafin na iya shiga aji.

Kin ce kin bar tambayar ƙarshe babu komai. Ba ki bar ta ba. Rabin wasiƙarki amsarta ce.

Bari mu gyara aikin tare. Maganar ja, na koma wurin ƙawata nas, ta ce mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Waɗanda suka fara tsara tambayar, farar fata suka saba gani, a jikinsu wurin yakan yi ja. A irin tamu fatar duhu yake ƙarawa, ko ya yi shuni-shuni, ko toka-toka. Don haka kada ki nemi ja. Ki dubi wurin, ki dubi lafiyayyar fatar da take gefensa, ki ga nisan da yake tsakaninsu. Wannan nisan za ki ba wa maki.

Ƙaiƙayi uku? Ke da na ga kina goga bayan hannu a jikin ƙofa muna tsakiyar hira? Ba makin haƙuri na ce ki ba kanki ba, na san a wannan goma za ki ci. Ki sake tambayar kanki tsakani da Allah.

Tafi biyu da rabi kuma gaskiya ne, amma a ina? Tafi biyu a cinya, inda zane yake rufewa, ba ɗaya ba ne da tafi biyu a hannun mai kitso. Su kansu likitoci suna ɗaukar ciwon hannu da na fuska da na tafin ƙafa da muhimmanci ko da bai da faɗi. Mutumin da kika gani, Allah ya ba shi lafiya, nasa daban naki daban. Wahalarsa ba ta rage taki ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Shirin da Yaya take yi miki, da ƙauna take yi, amma yana ɓoye wa likita ainihin abin da aka je nuna masa. Yana ganin hannu mai ƙyalli, yana jin an ce da sauƙi, me zai sa ya canja magani? Wannan karon ki ci gaba da shafa abin da ya rubuta miki yadda ya ce, amma kada a goge ɓawon da soso, gurzar ma tana ƙara tayar da shi. Safiyar zuwa kuma kada a laɓta mai. Ranar da hannun ya fi baci, ki ɗauki hotonsa da waya a cikin haske. Ki tafi da makinki na kowane mako.

Kin ce kada Umma ta ji. Ni ba zan faɗa ba. Amma ita za ta raka ki, kuma ita ce mai soson. Ki zauna da ita.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Antinki

*

Malama,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya yaran makaranta. Mu nan lafiya.

Auta ta karanta min wasiƙarki, ta kuma gaya min abin da ya faru a shago. Na ji zafin abin, na kuma ji zafin a ce ke da kike nesa kin riga ni ji.

Amma ki tsaya in gaya miki, 'yar boko. Ke a takarda kika san ciwon nan. Ni nake zama da yarinyar a bencin asibiti. Zuwanmu na farko ban goge komai ba, haka na kai ta. Matar da take kusa da mu ta kalli hannun, ta janye ɗanta, ta raɗa wa ta gefenta, kuma na ji abin da ta ce. Kuturta ta ce. A kan 'yata. Auta ba ta ji ba, ni na ji, na haɗiye. Tun ranar na ce ba za a sake kallon ta haka ba ina raye. Yanzu ki ce in fito da ita kan titi, mu shiga mota, hannu yana zubar da gari, kowa yana kallo?

Sannan maganar da sauƙi. To me kike so in ce? Yarinya tana ci tana sha, tana tafiya da ƙafarta. In zauna gaban likita ina jero ƙorafi kamar wadda Allah bai yi wa komai ba? Ba haka aka rene mu ba, ni da ke ɗaki ɗaya muka tashi.

Ki ba ni amsa. Ina jinki, tunda ke ce mai ilimin.

Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya ƙara girma, ya bar mana ke.

Ban san abin da ya faru a bencin ba. Da na sani, da ban yi maganar soson da sauƙin baki haka ba. Ki yi haƙuri. Kin ɗauki wannan kalmar ke kaɗai kin riƙe don kada ta kai kunnen yarinya, Allah ya saka miki.

Ban ce a nuna wa titi ba, Yaya. Titi ba shi da maganin da zai ba ta. Ta sa safar hannu ta auduga tun daga gida, ta zauna da ita a mota, ta zauna da ita a benci. Mutum ɗaya ne kawai yake da buƙatar ya ga hannun yadda yake, kuma yana bayan ƙofa a rufe.

Maganar godiya kuma, wallahi ban raina tarbiyyarmu ba. Amma bari in ba ki labarin ajina. In na gama darasi nakan ce, "Kun gane?" Duka sai su ce, "Mun gane, Malama." Ladabi ne, ba sa son su ɓata min rai. Ni kuma sai in wuce darasi na gaba, in bar su a inda suke. Ba na gane an yi asara sai ranar jarrabawa. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba, bai yi min rashin kunya ba, shi ne ma ya taimake ni na yi aikina. Likitan nan ma haka yake. Tambayarsa ba gaisuwa ba ce, ko da ta yi kama da gaisuwa. Da amsar yake aiki.

Ki ce alhamdu lillahi, ki cika baki da ita. Sannan ki ce hannun yana tsagewa har da jini, kuma yana nema ya raba ta da sana'arta. Duka biyun gaskiya ne, ɗaya ba ta kore ɗaya.

In ba za ki iya ba, ki bar Auta ta yi magana. Na san dai abin da kika yanke don alherinta za ki yanke.

Ki gaishe min da maigida.

Ƙanwarki

*

Anti Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mun je, mun dawo, na ƙosa in ba ki labari.

Da farko, na sake awon yadda kika ce. Launi ya tashi daga sifili zuwa uku. Ƙaiƙayi kuwa, da na daina yi wa kaina kara, takwas ne. Tambayar ƙarshe na rubuta layi ɗaya.

Ana gobe za mu je, na ga Umma ta ɗora ruwa a wuta. Ta sauke, ta tsaya tana kallonsa, sai ta ce, "Zo ki haɗa wa Babanku shayi." Da safe ta miƙo min safar hannu fara, sabuwa.

A benci babu wanda ya kalle ni sau biyu. Ina ta maimaita abin da zan faɗa a zuci kamar hadda. Aka kira mu. Likita yana rubutu, ya ɗago ya ce, "Yaya jiki?"

Anti, kin san me ya fito daga bakina? "Da sauƙi."

Wallahi ban san lokacin da na faɗa ba. Ya ce madalla, har ya jawo takardar rubuta magani. Ni kuma takardar makina tana cikin jaka, hannuna yana cikin safa.

Sai na ji Umma ta gyara zama. Ta ce, "Likita, wannan gaisuwa ce ta amsa maka. Alhamdu lillahi, tana ci tana sha. Amma babu sauƙi. Auta, cire safar nan."

Na cire. Ya ajiye biro. Ya jawo kujera kusa, ya juya hannun, ya buɗa tsakanin yatsu, ya daɗe yana kallon farcena, ashe 'yan ramukan da suke jiki ma na ciwon ne. Ya tambaya ko gaɓoɓina suna ciwo da safe, na ce a'a. Na nuna masa hotunan, na ba shi makin. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce Antina. Ya ce, "Nas ce?" Umma ta ce, "Malamar makaranta ce, amma babu abin da ba ta sa baki a ciki."

Ya ce, "Hajiya, ai hannun da kuke kawo min ba wannan ba ne." Umma ta ce, "Wancan na fita unguwa ne. Kai ma ba ka taɓa cewa a kawo maka na zaman gida ba." Ya yi dariya, ya ce ta yi gaskiya, daga yau zai riƙa faɗa.

Da ya zo layin ƙarshe sai ya karanta a fili: "Ya hana ni taɓa kan mutane, kuma taɓa kan mutane ne sana'ata." Na sunkuyar da kai. Umma ta juya tana kallon bango.

Ya canja min magani, ya ce wancan ba shi da ƙarfin da zai yi wa fatar hannu aiki. Ya tura ni wurin likitan fata. Ya ce ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana iya kwantar da shi sosai. Ya hana ni sa hannu a sabulu ba safar roba. Sannan ya rubuta takarda da hatimi cewa ciwon ba a ɗaukarsa.

Takardar tana ƙarƙashin matashina. Gobe zan kai wa Madam, kuma watan ya kusa ƙarewa. Likita ya yarda, amma ba likita ne zai zauna a kujerar kitso ba. Ki yi min addu'a.

'Yarki,
Auta

*

Malama,

Salamu alaikum. Ya gida.

Na raka ta shagon, na tsaya a bakin ƙofa. Madam ta karanta takardar, ta liƙa ta a jikin madubi. Sannan ta cire ɗankwalinta, ta zauna a kujera a gaban kwastomomi, ta ce, "Auta, ƙanana nake so, kuma kada ki ja min gashin gaba."

Wata ta ɗauki jakarta ta fita. Biyu suka zauna suna kallo. Da aka kai rabi, ɗaya ta ce in an gama ita ce a layi.

Hannun bai warke ba tukuna, amma tsagar ta fara rufewa. Jiya ta auna, ta ce ƙaiƙayin ya sauka daga takwas zuwa shida. Ni na riƙe mata madubin.

Ke kuma da kike aiko da darasi daga nesa, hutu ya kusa. Ki zo ki zauna a kujerar, ki gwada hannun da kanki. Ki tsefe tun daga gida, yarinyar tana da layi.

Yayarki